Lamba Shida Daga Auta

Litinin, ƙarfe tara da rabi na safe

Masu ta'aziyyar Mama sun daina zuwa. Jiya na mayar wa maƙwabta kujerunsu, na share falo, sai gidan ya yi mini girma. Ɗaki biyu ne da falo. Da muna mu uku kullum cikin faɗa muke a kan wurin ajiye kaya, yau kuwa ƙarar takuna nake ji.

Wannan littafin na awon labule ne. Na juya shi ta baya na fara rubutu, tunda ba wanda zan yi wa magana.

Auta, ƙanwata, tana gidan Gwaggo yau kwana tara. Ta ɗauki jakarta da wayarta, ta bar mini kwamfutar shago a kan tebur da 'yar takarda, ta rubuta kalmar sirri da manyan baƙaƙe yadda ake rubuta wa wanda aka san bai iya ba. Kuma gaskiya ce, ban iya ba. Shekara huɗu muna sayar da zanen gado da labule ta intanet. Ni ce mai yanka da ɗinki da guga da naɗi, ita ce mai hoto da kwastomomi da duk abin da ya shafi biyan kuɗi. Mama kuma tana kan kujerarta ta bakin taga tana ba da umarni. Ba ta taɓa ɗinka mana ko rigar filo ba, amma daga inda take zaune take hango cewa layina ya karkace.

Auta ba ta ɗaukar wayata. Na kira sau huɗu na haƙura. Na san dalili, ba sai na rubuta ba.

Talata, ƙarfe sha ɗaya

Na buɗe shago, wato na kunna kwamfuta. Oda bakwai suna jira, duk sun biya, wasu da kati wasu sun turo ta waya. Ashe mutane ba su daina sayen labule don an yi wa wani rasuwa. Yadi ya ƙare, kuɗin sayensa kuma yana asusun kamfanin da ke karɓar mana biya, sai an tura shi banki kafin a taɓa. Na bi takardar Auta layi-layi kamar ɗalibar aji ɗaya. Na danna inda aka ce a danna, sai allo ya ce an aika lamba shida zuwa wayar da ke ƙarewa da huɗu da bakwai, in shigar da ita cikin minti biyar.

Huɗu da bakwai. Wayar Auta ke nan. Ita ta buɗe asusun, da lambarta.

Na zauna ina kallon agogon yana cin mintina. Girman kai ya ce kada ki roƙe ta, yadi ya ce ki roƙa. Ban gama shawara ba wayata ta yi ƙara. Saƙo daga Auta: 508213. Ba sallama, ba "Yaya", ba komai. Na shigar, kuɗi ya tafi.

Na daɗe ina kallon lambar nan. Ban tambaye ta ba fa. Saƙon kamfani ya faɗo mata, ta san ni ce, ta turo.

Laraba, bayan la'asar

Na dafa abincin mutum uku. Hannu ne ya auna, ba ni ba.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Mai babur ya zo ɗaukar kaya. Dattijo ne, shekara uku yana kai mana, bai taɓa yar da kwali ba kuma bai taɓa rufe baki ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sake yi mini gaisuwa, sannan ya leƙa bayana.

"Malama, ina ƙaramar? Ita ce ke turo min adireshi yadda zan gane. Wannan da kika turo, unguwa ce guda ba lambar gida."

"Ta je hutawa wurin Gwaggonmu," na ce.

"Allah sarki. Ai ta yi ƙoƙari, yarinyar nan. Duk lokacin da na je asibiti karɓar takardun oda, tana nan gindin gadon tsohuwa. Ko abinci a tsaye take ci."

Na ce masa rana na yi, ya kama hanya. Ya dube ni, ya ɗaure kwalayensa ya tafi. Bai yi mini laifin komai ba, bawan Allah.

Asabar, da hantsi

Wata mata ta ce shuɗin labulen da aka kai mata ba shi ne shuɗin hoto ba. Na so in ce mata idonta ne ba shi ne idon hoto ba, amma Auta ta taɓa hana ni amsa wa kwastoma, ta ce bakina zai rufe mana shago cikin mako guda. Na haɗiye, na nemi wurin mayar da kuɗi. Shi ma sai da lamba shida.

Wannan karon na duba agogo. Sakan arba'in ta turo. Ke nan wayar na hannunta, ke nan ta tashi, tana nan lafiya. 771940.

Na rubuta mata "Na gode." An nuna ta karanta. Shiru.

Litinin, ƙarfe uku

Ban cire kujerar Mama daga bakin taga ba, ban kuma zauna a kai ba. Yadi nake ɗorawa a kai in na yanka.

Talata, bayan azahar

Gwaggo ta kira. Sai da ta gama tambayar ko ina cin abinci, ko na biya kuɗin wuta, sannan ta shigo maganar.

"Ke 'yar nan, yarinyar nan fa ba ta magana. Tana ɗaki, wayar nan a hannu kamar an liƙa mata. Na ce ke ba ki daddara ba? Ba wayar nan ce ta jawo komai ba? Sai ta dube ni kawai."

"Ki bar ta, Gwaggo."

"Ni dai roƙona ki yafe mata. Ke ce babba. Ƙuruciya ce, waya ta ɗauke mata hankali ta fita. Ai ba da gangan ta bar uwarku ita kaɗai ba. Maganar da kika faɗa mata a gaban mutane ta yi nauyi, amma kowa ya san zafin rashi ne. Ki yafe mata."

Na ce, "To, Gwaggo."

To na ce. In yafe mata. Na ajiye waya na koma kan keke, na ɗinke zanen gado guda ta bai-bai, sai da na warware shi duka. Ashe har yau Auta ba ta faɗa wa kowa ba.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Ba ni da kuɗin da zan tura, ba wanda zan mayar wa nasa. Na kunna kwamfuta, na shiga wurin turawa, na danna a aiko lamba. Minti ɗaya da rabi: 330286. Na rufe shafin ban shigar ba.

Ina kwana, Auta.

Laraba, bayan magariba

Na sake. Sakan ashirin.

Juma'a, da yamma

Na fara gane ta a cikin lambobin nan, ko kuma na fara zarewa, ɗaya daga ciki. In ta turo nan take, tana zaune ne ba abin yi. In ta kai minti uku, tana wanka ko Gwaggo ta aike ta. Jiya da rana sai da saura sakan goma lamba ta mutu sannan ta turo, gabana ya yi ta faɗuwa, na ce ko ba ta da lafiya. Yau da safe ta rubuta lambar da tazara a tsakiya, uku nan uku can. Na yini ina tunanin me tazarar take nufi. Mace mai shekara arba'in da ɗaya, mai sana'a a hannu, tana fassara tazara.

Da Mama na nan da ta ce, "Ku biyun nan, in ba ku yi faɗa ba abinci ba ya narke muku." Muna yi kuwa. A kan almakashi, a kan fanka, a kan wa ya shanye madara. Amma ba mu taɓa kai yamma ba a shirya ba, don ɗaya za ta buƙaci ɗaya ta riƙe mata bakin labule a auna. Labule mai tsawon taga uku ba ya aunuwa da mutum ɗaya. Yanzu da dutsen guga nake danne ɗaya gefen.

Asabar, ƙarfe sha biyu

Sau shida yau. Ba ta gaza ko sau ɗaya ba, kuma ba ta tambaye ni me nake turawa haka ba.

Lahadi, da safe

Ina kewarta. Na rubuta, ga shi nan, ba abin da ya same ni.

Litinin, ƙarfe biyu

An rufe asusun.

Na tashi na tarar da jan rubutu a allo. Kafin ƙarfe goma mutum uku sun rubuto cewa sun zo biya an ƙi karɓar katinsu. Ɗaya mai ɗakin kwanan baƙi ce, zanen gado goma sha biyu take so kafin Alhamis. Ta ce in ba mu shirya sana'a ba mu faɗa mata ta nemi wasu. Ta nema kuwa.

Na kira kamfanin. Na sha kiɗa a kunne kusan rabin awa kafin wata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Hajiya, ke ce mai lambar da ke kan asusun?"

"Ƙanwata ce. Shagon namu ne mu biyu."

"To, abin da ya faru, an nemi lambar tabbatarwa sau goma sha tara cikin kwana biyar, ba a yi amfani da ko ɗaya ba. In na'urarmu ta ga haka, ɗauka take wani ne ke ƙoƙarin shiga ya yi sata, sai ta kulle don kare ku. Ko kin san wanda ke nema?"

Na ce wataƙila hannuna ne ke taɓawa, ban saba da kwamfuta ba.

"Sau goma sha tara, Hajiya?"

Ba ta matsa mini ba, mai tarbiyya ce. Sannan ta ce sun riga sun aika wa mai lambar bayani, da ranaku da lokutan da aka nema, sai ita ta kira da kanta ta tabbatar ba ɓarawo ba ne kafin a buɗe.

Da ranaku da lokuta. Yanzu Auta na riƙe da jerin duk lokacin da na kasa zama ni kaɗai. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Talata, bayan la'asar

Ba oda, ba lamba, ba abin dannawa. Na wanke labulen gidan nan duka, waɗanda ba su yi datti ba ma.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya da kwata

Saƙo daga Auta, da kalmomi:

"Na kira su sun buɗe. Ki mayar da lambar taki, Yaya. Akwai wurin canzawa a ƙasan shafi, za su turo min ta ƙarshe in ba ki. Na gaji."

Na karanta ya fi sau ashirin. Ta ce Yaya. Ta kuma ce ta gaji. Ban san wanne zan riƙe ba.

Alhamis, da hantsi

Ban canza ba. Na ga wurin, yana nan a ƙasan shafi yadda ta ce. In na canza, me zai sa wayata ta ƙara nuna sunanta?

Asabar, ƙarfe huɗu

Mai babur ya ce na rame. Na ce masa shi ma ya tsufa. Ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, baki dai yana nan da ransa."

Yana nan kuwa. Shi ne ai.

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da dangi da za ta kai wa.

Ranar, ina gida ina guga, Auta na asibiti wurin Mama. Wata kwastoma ta kira wayar shago tana zage-zage, an cire mata kuɗi sau biyu a kati a kan labule ɗaya, ta ce mu ɓarayi ne, za ta baza mu a duniya. Na rikice. Na kira Auta na ce ta gyara yanzu. Ɗakin da aka kwantar da Mama waya ba ta kamawa sosai, sai an fita har tsakar asibiti. Auta ta ce, "Yaya, numfashinta ya canza tun ɗazu, bari likita ya zo tukuna." Na ce, "Ke dai kin cika tsoro, tun jiya haka yake. Fita ki gyara wa matar nan ki dawo, ba zai ɗau lokaci ba." Ta ce, "Yaya." Na ce, "Fita na ce."

Ta fita. Ta gyara wa matar. Da ta dawo an ja labule, Mama ta cika.

Da na iso, ga Gwaggo, ga Kawu, ga matan maƙwabta a baranda. Wata ma'aikaciya ta ce ba kowa a wurinta lokacin. Kowa ya juya ya dubi Auta. Ni ma na juya na dube ta tare da su, na buɗe bakin nan nawa na faɗi abin da na faɗa. Na ga ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dube ni ta rufe. Har yau a rufe yake.

Ba tsoron Gwaggo nake ba, ba na Kawu ba. In na faɗa, ya zama ni ce. Wata guda ke nan ina barin ƙanwata tana ɗauke mini kayana, ina kuma danna maɓalli tana turo mini lamba.

Lahadi, bayan azahar

Ban yi komai ba yau.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na yi wanka, na sa kaya masu kyau kamar mai zuwa wani wuri, na zauna gaban kwamfuta. Na fara kiran Gwaggo, don na san in na bar shi daga baya ba zan yi ba. Na faɗa mata duka, yadda na rubuta a nan.

"Ke kika aike ta?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Kika kuma tsaya a gabanmu kika..." Ba ta ƙarasa ba. Ta yi salati ta ce, "Ni da nake ta yi wa yarinya faɗa a kan waya. Kin sa na ɗauki alhaki, 'yar nan." Ta kashe.

Sannan na danna wurin canza lamba. Sakan goma sha biyar: 614092. Ashe jira take.

Ban shigar nan da nan ba. Na rubuta mata: "Auta, ni na ce ki fita. Kin ce in bari likita ya zo, na ƙi. Ba ke kika bar Mama ba, ni na raba ki da ita, sannan na ɗora miki a gaban mutane. Na faɗa wa Gwaggo, zan faɗa wa Kawu yau. Ba sai kin amsa ba."

Na aika. Saura minti ɗaya. Zuciyata ta ce ki bar ta ta mutu, gobe ki sake nema, jibi ma haka. Amma yarinya ta ce ta gaji, kuma ba da wannan igiyar zan riƙe ta ba. Na shigar da lambar. Allo ya yi mini murna da koren rubutu.

An nuna ta karanta saƙona. Shiru.

Talata, da rana

Na tura kuɗin yadi. Lambar ta zo wayata kafin in ɗage yatsa daga maɓalli. Sauri ba a magana, ba jira, ba faɗuwar gaba. Na shigar na yi kukana.

Laraba, bayan la'asar

Kawu ya ce Allah ya kyauta, ya ce sai mun haɗu. Muryarsa ba daɗi. Na cancanta.

Juma'a, da safe

Shiru. Kwana huɗu.

Asabar, ƙarfe biyar

Oda tara wannan makon, na kai duka, na mayar wa mutum ɗaya kuɗinsa ban zage shi ba. Na iya shagon yanzu, ni kaɗai, daga hoto har biya. Ban taɓa ƙin wani abu da na iya kamar wannan ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na kunna kwamfuta na tarar da oda ɗaya ta shigo tun ƙarfe bakwai. Rigar filo guda, fara, mafi arha a shagon. An biya da kati, har da kuɗin kaiwa. Na ce wane ne wannan zai biya babur a kan abin da bai kai kuɗin babur ba. Na gangara in kwafe wa mai babur adireshi.

Gidan Gwaggo ne.

A wurin da kwastoma ke rubuta ƙarin bayani an sa: "Mai shago ta kawo da kanta."

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Na ɗinka sabuwa, ta cikin kwali layinta bai yi mini ba. Na goge ta sau uku. Ban san me zan tarar a can ba. Wataƙila ta karɓa a bakin ƙofa ta rufe, wataƙila ta faɗa mini duk abin da ta haɗiye wata guda da kwanaki, kuma zan tsaya in ji shi har ƙarshe ban buɗe baki ba.

Mai babur ya zo ya ɗaure kwalayen yau, ya ga 'yar leda a hannuna ya miƙo hannu.

"Wannan fa, Malama? Ina za a kai?"

"Bar wannan," na ce. "Ni zan kai."